Dan Allah a ɗauki muryar tsofaffin makaɗan Jos tun suna da rai

Malam Edita, assalamu alaikum, ina yi maka fatan alheri kai da ma'aikatanka baki ɗaya. Dan Allah ka sam min ɗan fili a jaridar nan tamu, akwai maganar da ta tsaya min a maƙoshi tun watan jiya, na faɗa a majalisa na faɗa a shago har abokai sun fara cewa na cika naci, shine nace toh bari in rubuto inda jama'a da yawa zasu gani ko Allah zai sa ta faɗa kunnen wanda zai iya yin wani abu akai.

Ni haifaffen Gangare ne a nan Jos, babana mahauci ne Allah ya jiƙansa, amma ni ban gaji wuƙa ba, gyaran rediyo da kaset na koya tun ina saurayi, da zamanin kaset ya wuce na koma gyaran waya da sifika, har yau dai da sauti nake cin abinci.

Watan jiya akayi bikin ɗiyar yayata a Anguwan Rogo. An kafa rumfa an jera kujerun roba an tare layi, DJ yazo tun azahar da manyan sifikunsa da janareto, yara sun cika wurin kowa waya a hannu. Wajen la'asar sakaliya sai ga wani dattijo ya ɓullo daga bakin layi yana tafiya a hankali, ina ganinsa na gane shi, makaɗin kalangu ne da ya shekara da shekaru yana yiwa babanmu da abokan sana'arsa kiɗa a kwata, mu Baba kawai muke ce masa tun muna yara. Ba wanda ya kai masa katin gayyata, ji yayi ana aurar da jikar amininsa shine ya taso. Kalangun ma a cikin tsohon buhun shinkafa ya naɗo shi saboda kar yayyafi ya taɓa fatar, ka san garinmu da ruwa ba ya sallama. Ya samu gefen rumfa ya tsuguna ya kwance buhun, ya shafa fatar da tafin hannunsa kaman mai lallashin jariri, ya saƙala a hammata ya matse, sai kawai ya saki taken gidanmu.

Wallahi Malam Edita sai da tsigar jikina ta tashi. Rabona da jin taken nan tun babana yana raye. Yayata tana can cikin gida tana rabon abinci, duk da ƙarar janareto da hayaniyar mata ta jiyo shi, ta fito a guje da ludayi a hannu ko mayafi bata gyara ba, ta tsaya bakin ƙofa hawaye na zuba.

Ko minti uku bai yi ba yara suka fara ihu a sake musu waƙarsu, DJ ya ɗaga sauti har ƙasa na girgiza, sai wani yaro cikin abokan ango yazo ya ɗan rusuna yace Baba dan Allah ka matsa can gefe kana shigar mana bidiyo, ya miƙa masa ɗari biyu. Ni ba zan ce yaron nan ya yi rashin kunya ba, a ladabce ya yi maganar, shi dai a ganinsa wani maroƙi ne yazo neman na goro. Baba bai ce uffan ba, ya karɓa ya sa albarka, ya mayar da kalangunsa cikin buhu ya ɗaure. Na bi shi har bakin titi ina ba shi haƙuri, nace Baba ka yafe mana yara ne, sai ya dube ni yace ɗana ba komai, ai basu san shi bane, wa ya nuna musu?

Tambayar nan ita ta hana ni barci. Dan na tambaye shi cikin 'ya'yansa wa ya ɗauka, yace babban yana tuƙa keke napep, ƙaramin yana tallan kayan waya wajen Taminus, ba wanda ya taɓa saƙala kalangu ko da wasa, kuma shi ma bai matsa musu ba tunda ya ga abun baya ciyar da gida yanzu. Yace a cikin waɗanda suka yi tashe tare a garin nan bai fi ya ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba waɗanda suka rage, su ma wani ido ya tafi wani ƙafa ta ƙi.

Wanda bai tashi a gidan mahauta ba zai ɗauka kalangu bugu ne kawai a yi rawa a watse. Ba haka bane. Kalangu magana yake, mai kiɗan yana matse tsarkiyar da hammata yana sassautawa, sautin ya hau ya sauka yadda harshenmu yake hawa da sauka, shi yasa wanda ya saba zai ji sunansa da na ubansa da kirarin gidansu ƙarara ba tare da an buɗe baki ba. Kowane babban mahauci da takensa, in an yi yanka mai kyau kiɗan ne yake gaya wa unguwa nama ya iso, in ɗan dambe zai shiga fili takensa ake fara saki kafin ya ɗaure hannu. Duk waɗannan a kan Baba suke, ba a rubuce suke a ko'ina ba, ba kuma wanda ya zauna dashi yace wannan taken na waye, me yake cewa, a ina ka koya. Ranar da ya kwanta dama sun tafi kenan, har da na gidanmu.

Abun da yafi bani takaici shine wai a Jos ake wannan. Garin Ɗan Maraya fa. Marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos da aka haifa a Bukuru a 1946, ya tashi ba uwa ba uba, da ɗan kuntigi mai tsarkiya ɗaya tal, gwangwani ne aka rufe da fata ba wani abu ba, ya kai sunan garin nan ƙasashen da yawancinmu sai dai mu ji a rediyo. Kuma ba sarakuna da masu kuɗi kaɗai ya yiwa waƙa ba, ya yiwa karen mota, ya yi akan auren dole da zaman aure da gulma, abubuwan da talaka yake fama dasu a tsakar gidansa. Allah ya yi masa rasuwa ranar 20 ga watan Yuni 2015 cikin azumi, aka yi ta jimami a gidajen rediyo da talabijin, manya suka yi ta aiko da ta'aziyya, bayan sadakar arba'in kowa ya kama gabansa. Daga ranar zuwa yau ni dai ban ga yaro ko ɗaya a Gangare ko Dilimi ko Rikkos ko Ali Kazaure riƙe da kuntigi yana koyo ba, kuma kullum ina cikin yaran nan, shagona basa rabuwa dashi. Na taɓa nuna wa wani yaro hoton kuntigin a waya nace menene wannan, yace min ludayin fura ne.

Shi Ɗan Maraya ma da sauƙi, ya shiga situdiyo an buga faifansa, waƙoƙinsa suna YouTube duk mai data zai ji. Waɗanda nake kuka dominsu sune irin su Baba da basu taɓa ganin ƙofar situdiyo ba, masu kalangu da masu kukuma da goge da garaya, da 'yan kama masu ba da dariya a kasuwa, da tsofaffin da suka san waƙoƙin barikin kuza. Dan kowa ya sani yawancin kakanninmu haƙar kuza da kasuwancin da ya biyo bayanta ne suka kawo su, ɗan ƙaramin jirgin ƙasan nan da ya taso daga Zariya ya iso nan tun 1914, lebura suka zo mahauta suka zo masu tuwo suka zo, makaɗa kuma suka biyo su bariki bariki, Bukuru da Barikin Ladi da sauransu, suna musu waƙa ranar biyan kuɗi. Akwai tarihin zaman garin nan a cikin waƙoƙin da ba zaka same shi a littafin makaranta ba.

Ni kaina ina da laifi a ciki kuma ba zan ɓoye ba. Lokacin da nake gyaran kaset mutane suna kawo min rakoda da kaset a ciki, da yawa ɗaukar gida ce, an ajiye rakoda a wurin biki ko wurin ajo ko filin dambe an danna jan maɓalli, zaka ji kiɗa zaka ji guɗa zaka ji mai shela yana faɗin wane ya ba da kaza. In zaren ya tsinke in liƙa da jan farcen mata, in ya warware in sa biro in naɗe. Wasu basu dawo sun karɓa ba, musamman bayan rikicin 7 ga Satumba 2001 da mutane da yawa suka tashi daga inda suke, wasu ma bamu sake jin ɗuriyarsu ba. Na tara su a kwali guda na tura saman silin nace wata rana zan zauna in juye. Wata damina kwano ya yi yoyo ban sani ba, da na sauko da kwalin duk sun yi funfuna zaren ya manne, guda bakwai kacal na iya cetowa. A ɗaya daga ciki akwai muryar wata tsohuwa tana waƙar daka wasu mata na amsa mata, ban san sunanta ba ban san gidan da aka ɗauka ba, amma duk wanda na kunna wa sai yayi shiru.

Na matan ma shine yafi saurin ɓacewa dan su a cikin gida suke abunsu. Ina tuna ranar suna a gidanmu, a cika babbar roba da ruwa a kifa ƙwarya a kai, innarmu da ƙawayenta su zagaye suna kaɗawa da 'yan sanduna, wata ta ɗauko shantu tana bugawa a cinya, a yi ta habaici tsakanin dangin miji da dangin mata ana dariya har magariba, mu yara muna leƙe ta zaure ana korarmu. Yanzu a gidan suna waya ake jonawa da sifika. Tashe ma haka, da in azumi ya kai goma unguwa bata barci, yara da gemun auduga da gwangwanaye gida gida, to shekarun dokar hana fita da tsoron dare sun sa iyaye sun daina barin yara, waɗanda suka tashi a lokacin basu gani ba balle su koya wa ƙannensu.

Kuma dan Allah mu dubi maƙwabtanmu mu ɗauki darasi, ba gori nake ba. Kowa da bikin al'adarsa na shekara, Berom suna da Nzem Berom, Afizere suna da Igoon Izere, Ngas suna da Pusdung a Pankshin, Mwaghavul suna da Puus Kaat a Mangu. Kafin ranar zaka ga an tara yara ana koya musu rawa da waƙa, wanda yake Legas ko Abuja ya nemi hutu ya dawo gida da iyalinsa. Na taɓa tsayawa na kalli masu rawar asharwa ta Afizere da sarewarsu, a cikin layin akwai dattijo mai furfura akwai yaron da bai wuce shekara goma ba, ƙafarsu ɗaya take sauka. Abun ya burge ni ya kuma sa ni kishi mai kyau. Lokacin muna samari kafin unguwanni su rabu kowa ya koma cikin nasa, mu kan je kallon nasu su ma su zo kallon dambe da tashe a namu, ba wanda yake tambayar wani sunansa. Kuma har gobe da Hausa ake waƙa a faɗin Filato, a coci ma da Hausa ake yi, irin su Jeremiah Gyang da Hausa suka yi suna. Su P-Square da M.I da Jesse Jagz da Ice Prince duk a garin nan suka taso kafin su tafi Legas, 'yan fim ɗin Hausa kuwa su Sani Mu'azu da Sadiq Sani Sadiq da Nafisa Abdullahi duk 'yan Jos ne. Garin da ya fitar da waɗannan ace ya rasa wanda zai riƙe wa tsoho makirfo na awa biyu?

Dan kayan aikin fa duk suna nan a ƙofar gidanmu, ba sai an je Kano ko Kaduna ba. Hedikwatar hukumar fina-finai ta ƙasa da aka kafa a 1979 a Jos take, makarantar koyon aikin fim ɗinta ma a nan take, kwalejin talabijin ta NTA tana Rayfield, Jami'ar Jos tana da sashen wasan kwaikwayo. Duk shekara ɗalibai suna yawo da kyamara suna neman abun da zasu ɗauka na kammala karatu. Ina roƙon malamansu dan girman Allah su turo mana su cikin unguwa, mu zamu yi musu jagora mu kai su har ɗakin tsofaffin nan, ba abun da zai same su. A zauna da mutum ɗaya ɗaya, ya kaɗa take ya fassara, ya faɗi wanda ya koya masa da wanda ya koya wa wancan, a nuna yadda ake sassaƙa icen da yadda ake jeme fatar a ɗaure. Na matan a tura ɗalibai mata su shiga cikin gida, da izinin masu gidan, wadda bata son a ga fuskarta a ɗauki murya kawai. In an gama a ajiye kwafi a makarantar, a kai kwafi gidan tarihi, a ba iyalan mutumin nasu a filashi, kar ya zama an zo an kwashe an tafi kaman yadda wasu masu bincike suke yi ba a sake ganinsu. Kuma a sallami tsohon da abun kirki, ba ɗari biyu ba.

Wurin taro ma muna dashi. Gidan tarihin Jos da Bature Bernard Fagg ya kafa a 1952, kusa da gidan zu, a bayansa akwai filin nan da aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ginin ƙasa, yawancin 'yan unguwarmu rabonsu da wurin tun ziyarar firamare ko yawon sallah. Ka kwatanta yamma ɗaya a shekara, ko a watan Yuni dan tunawa da Ɗan Maraya ko bayan damina in an fi so, a shimfiɗa tabarmi a gindin ganuwar nan, a kawo masu kalangu da masu goge da duk wanda ya rage mai kuntigi a ƙasar nan, a gayyato masu kundung, kiɗan katako na Berom, da masu asharwa su ma su yi nasu, a kawo 'yan makaranta daga ɓangarorin gari duka su zauna su gani, a tashi kafin magariba. Wurin kowa yana iya zuwa ba tare da ɗar ɗar ba, shi yasa na ambace shi. Yaran situdiyo na unguwa masu haɗa kiɗa a kwamfuta su ma su zo, dan sautin kalangun da suke dannawa a fiyano su ga hannun da yake fitar da na gaskiyar, in suna da wayo ma su ɗauki Baba ya shigar musu kiɗa a biya shi.

Na san akwai waɗanda suna karanta wannan zasu ce ga wani yana kiran mutane zuwa kiɗa da shagala. Na ji wannan a majalisarmu ma, wani abokina da muke sahu ɗaya a masallaci yace min in bar abun ya mutu ai alheri ne. Ina girmama malamanmu kuma ni ba malami bane ba zan yi fatawa ba. Amma abun da na ce masa shine, kiɗan bai mutu ba fa, gashi nan a wayar ɗanka da 'yarka dare da rana, wanda ko kai ba zaka iya saurara a gaban surukinka ba. Wanda ya mutu shine mai faɗa wa yaro sunan kakansa da sana'ar gidansu, mai cewa a riƙe aure a daina gulma. In ma mutum baya son saurare ba dole, amma a bar shi a ajiye kaman yadda aka ajiye tukwane da tsofaffin kayan sawa a gidan tarihi, jikoki su zo su tarar.

Sai masu hali na garin nan, 'yan kasuwarmu na Dilimi da Katako da masu motocin haya da shugabannin mahauta da 'yan siyasar da suke zuwa mana lokacin zaɓe da makaɗa a bayan mota. Abun da ake kashewa a hayar rumfa da DJ na biki ɗaya ya isa a ɗauki tsofaffi biyu ko uku. Ƙungiyar mahauta ma ita ya kamata ta fara, dan takensu ne zai tafi. Gidajen rediyonmu kuma ko rabin awa ne a sati a ware, a kira tsoho ɗaya ya zo da kayan kiɗansa a yi hira dashi kai tsaye, zasu sha mamakin yawan kiran da zai shigo. Duk wanda kuma yake da tsohon kaset na biki ko na dambe a ƙasan gado ko cikin adaka, dan Allah kar ya zubar kar kuma ya kunna shi a rakodar da ta daɗe a ajiye dan zata cinye zaren, ya fito dashi daga inda yake da danshi ya kai wa mai gyaran da ya sani a juye masa a waya.

Ni dai na fara da ɗan abun da nake dashi. Asabar ɗin da ta wuce na rufe shago da wuri na sayi goro da lemo na tafi gidan Baba da wayata da wani ɗan makirfo da na gyara, na tafi da ɗana na biyu mai shekara goma sha uku. Muka zauna a zaurensa ana yayyafi, ya kaɗa mana take goma sha ɗaya yana faɗin masu su ɗaya bayan ɗaya, mutum tara a ciki sun rasu. Da ya zo kan na gidanmu sai ya tsaya ya miƙa wa yaron kalangun yace saƙala in gani, yaron ya saƙala a karkace Baba ya gyara masa gwiwar hannu. Yace mu dawo Asabar mai zuwa akwai na 'yan dambe da bai taɓa ba, kuma zai aika a kira masa wani abokinsa mai kukuma da yake Bukuru in ƙafarsa ta bar shi ya hau mota.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naku mai karatu kullum,
daga Gangare, Jos.